Abin da Sauro Yake Sansana a Fatar Ɗan Adam

Mutum biyu za su kwana a ɗaki ɗaya, a kan shimfiɗa ɗaya, gari ya waye ɗaya ya tashi yana susa jikinsa duk tabon cizo, ɗayan kuwa da ƙyar za a samu wuri biyu da sauro ya taɓa. Wannan abu sananne ne a ko'ina, kuma bayanin da aka fi yi masa shi ne wai jinin wane ya fi zaƙi. Na daɗe ban gamsu da wannan bayani ba, saboda sauro ba shi da hanyar ɗanɗana jinin mutum sai bayan ya sauka ya huda fata, alhali zaɓen wanda zai ciza ya riga ya gama shi tun yana cikin iska, a cikin duhu, tsakaninsa da mutumin akwai tazara. Abin da ke isa gare shi daga nesa shi ne abin da jiki ke fitarwa: numfashi, ɗumi, laima, da kuma tururin sinadarai sama da 300 da ke tashi daga fata dare da rana, waɗanda mafi yawansu hancinmu ba ya jin su sam.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwanta ya nuna. Namiji yana rayuwa ne a kan ruwan zaƙin furanni. Abu na farko da ke tayar da ita daga inda take laɓe shi ne iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa in mun yi numfashi. A iskar sarari wannan sinadari bai wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, amma a numfashin mutum ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, wato ninki ɗari ke nan, kuma sauro yana iya jin wannan canji daga nisan mita goma ko fiye, ya juya ya fuskanci inda iska ke kaɗowa ya bi ta. Sai dai saniya ma tana numfashi, haka kare da kaza da ƙadangare. Numfashi yana shaida wa sauro cewa akwai mai rai a kusa, amma ba ya gaya masa ko wane ne. Daga cikin nau'o'in sauro sama da 3,500 da aka sani, 'yan ƙalilan ne suka maƙale wa ɗan Adam har suke ƙyale dabba su zo gare shi, kuma su ne suka fi yi mana ɓarna: Anopheles gambiae mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, da Aedes aegypti mai yaɗa shawara da dengi da Zika. Waɗannan da warin fata suke gane mu.

Fatar mutum daban take da ta sauran dabbobi ta fuska biyu. Ta farko, kusan duk jikinmu cike yake da ƙananan kafofin gumi, miliyan biyu zuwa huɗu, waɗanda ke fitar da ruwa mai gishiri haɗe da asid ɗin laktik. Ta biyu, akwai maiƙon da fata ke shafe kanta da shi don kada ta bushe, kuma haɗin maiƙon ɗan Adam ba irin na kowace dabba ba ne. A kan wannan gumi da wannan maiƙo ne biliyoyin ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna ci, kuma abin da suka ci suka farfasa shi ne yake tashi ya zama warin jiki. Gumin da ya fito yanzu kusan ba shi da wari. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun nuna a 1999 cewa Anopheles gambiae bai damu da sabon gumi ba, amma idan aka ajiye gumin kwana ɗaya ko biyu cikin ɗumi har bakteriya suka yi aiki a kansa, sai sauro ya yo caa a kai. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ƙaru a gumin da ya kwana shi ne amoniya.

Asid ɗin laktik shi ne sinadarin fata na farko da aka tabbatar yana jan sauro, tun a 1968, a wani bincike na ma'aikatar noma ta Amurka. Da farko an yi zaton an kama bakin zaren, amma da aka ci gaba da gwaji sai aka ga cewa shi kaɗai ba ya jan sauro yadda hannun mutum ke ja. Ƙarfinsa yana fitowa ne idan ya haɗu da kabon dayoksaid ko amoniya ko wasu asid na maiƙo. An kuma gwada ƙara shi a kan warin dabbobin da Aedes aegypti ba ya kulawa da su, sai sauron ya fara zuwa musu kamar yadda yake zuwa wa mutum. Abin da wannan ya nuna, wanda kuma duk binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatarwa, shi ne sauro haɗi yake bi, da gwargwadon kowane sinadari a cikin haɗin. Sinadari guda da ke jan shi idan kaɗan ne, yana iya korar shi idan ya yi yawa.

Binciken da ya fi burge ni a wannan fanni ya faro ne daga tambaya mai sauƙi: a wane sashe na jiki sauro ya fi cizo? A tsakiyar shekarun 1990, Bart Knols da Ruurd de Jong suka zaunar da mutum ba riga a cikin ɗakin gwaji suka saki sauro suna lura da inda yake sauka. Wani nau'in sauron Turai ya fi zuwa wajen kai da fuska, inda numfashi ke fita, amma Anopheles gambiae ƙafa da idon sawu ya dinga nufa. Da aka wanke ƙafafun da sabulu mai kashe bakteriya, sai cizon ya warwatsu a sauran jiki. Daga nan suka tuna da wani cuku na Turai mai suna Limburger, wanda kowa ya san warinsa irin na ƙafar da ta daɗe cikin takalmi ne, kuma ba banza ba, domin bakteriyar da ake nunar da cukun da ita 'yar'uwa ce ga wadda ke zaune tsakanin yatsun ƙafar mutum. Suka sa cukun a tarko, sauro ya shiga. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin abin dariya, amma daga wannan aiki ne aka fara amfani da safar da aka sa aka cire a matsayin abin jan sauro cikin tarko, dabarar da har yau masu bincike suke amfani da ita saboda arha da inganci. A 2011 kuma Niels Verhulst da abokan aikinsa suka gwada maza 48, suka gano cewa waɗanda sauro ya fi so suna da bakteriya mai yawa a ƙafa amma nau'o'inta kaɗan ne, yayin da waɗanda bai cika so ba suke da nau'o'i iri-iri.

Amsar da ta fi ƙarfi game da dalilin da ya sa wasu suka fi wasu shan cizo ta fito ne a 2022, daga ɗakin binciken Leslie Vosshall a Jami'ar Rockefeller da ke New York, a aikin da Maria Elena De Obaldia ta jagoranta. An ba mutane safar nailan su zura a sangalin hannu na tsawon awa shida a rana har warin fatarsu ya kama ta. Aka yayyanka safar, aka dinga sa yanki biyu na mutum biyu daban a ƙarshen bututu biyu, a saki sauro daga ɗaya gefen akwatin gilashi, a ƙirga nawa suka bi dama nawa suka bi hagu. Haka aka yi ta karawa tsakanin kowa da kowa. Jimillar waɗanda suka shiga gwajin mutum 64 ne. Wanda aka yi wa lamba 33 ya fita daban: safarsa ta ja sauro ninki huɗu a kan ta wanda ke biye masa, kuma ninki ɗari a kan ta wanda sauro ya fi ƙi. Da aka binciki abin da ke jikin safar, sai aka tarar waɗanda sauro ke rububi suna da yawan wasu asid na maiƙon fata da ake kira kaboksilik, musamman guda uku masu dogon jiki.

Abu biyu a cikin wannan bincike sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, an bi wasu daga cikin mutanen har tsawon shekara uku, kuma matsayinsu bai sauya ba, duk da cewa babu wanda ya hana su sauya abinci ko sabulu ko man shafawa. Wanda sauro yake so bara, shi yake so bana. Na biyu, masu binciken sun yi ƙoƙarin makantar da hancin sauron ta hanyar cire ƙwayoyin gadon da ke gina na'urorin sansanarsa, suna cire rukuni ɗaya bayan ɗaya, da fatan za su samu sauron da ba zai iya bambance mai lamba 33 da sauran ba. Ba su samu ba. Wasu daga cikin sauron sun rage karsashi, amma da zarar sun tashi, hanyar da suka saba suke bi. Wani aikin daga ɗakin binciken guda, a shekarar, ya bayyana dalili: jijiya ɗaya a ƙahon sauro tana iya ɗauke da na'urar sansana iri fiye da ɗaya, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa cewa kowace jijiya da irin nata guda. Hancin sauro kamar gida ne mai ƙofofi da yawa, in ka toshe ɗaya wari ya shiga ta wata. A ganina wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk wanda ya zo da iƙirarin ya samo sinadari ɗaya tak da zai ɓoye mu daga sauro.

Akwai kuma wani zalunci ƙarami da nake so a daina, wato ɗaukar yawan cizon sauro a matsayin alamar ƙazanta. Wanka yana rage wari na ɗan lokaci, amma maiƙon fata da bakteriyarta suna komawa yadda suke ba da jimawa ba, kuma yawan maiƙon da fatar mutum ke yi ba shi ya zaɓa ba. A 2015 masu bincike a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan sun gwada tagwaye mata, 18 masu kama ɗaya da 19 waɗanda ba su yi kama ba. Tagwaye masu kama ɗaya sun ja sauro kusan daidai da juna, waɗanda ba su yi kama ba kuwa sun bambanta, abin da ke nuna gado yana da babban hannu a lamarin. Wani gwaji a Jami'ar Virginia Tech a 2023 ma ya nuna cewa wasu sabulai masu ƙamshin furanni suna ƙara jan sauro ga wasu mutane, ko da yake mutum huɗu kawai aka gwada, don haka ban ɗora masa nauyi mai yawa ba.

Yadda sauro ya koyi warinmu tun asali ma an hango shi a Rabai, kusa da gabar tekun Kenya, inda iri biyu na Aedes aegypti suke zaune dab da juna: baƙi na daji mai ƙwai a kogon itace yana cizon dabbobi, da mai ruwan ƙasa-ƙasa na cikin gida mai ƙwai a tulunan ruwa yana cizon mutane. Carolyn McBride ta nuna a 2014 cewa na gidan yana da wata na'urar sansana da ta fi kaifi wajen jin sinadarin salkaton, wanda yake da yawa a warin mutum. Daga baya, a Jami'ar Princeton, ɗakin bincikenta ya leƙa cikin ƙwaƙwalwar sauro yayin da ake hura masa warin mutum da na ɓera da tunkiya da kare da tsuntsu, aka ga wani ɗan gungun jijiyoyi da ke farkawa sosai idan warin mutum ne. Sinadaran da ke tayar da shi su ne dekanal da andekanal, kuma suna samuwa ne idan maiƙon fatarmu ya haɗu da iska ya farfashe. Ke nan abin da ke kare fatarmu daga bushewa shi ne yake tona asirinmu.

Duk waɗannan gwaje-gwajen cikin ƙananan akwatuna aka yi su, shi ya sa aikin da aka yi a Macha ta ƙasar Zambiya, wanda aka wallafa a 2023, yake da muhimmanci. An gina katafaren keji na raga mai faɗin mita 20 kowane gefe, aka kafa tantuna a kewayensa, mutum ɗaya yana barci a kowanne, aka jawo iskar kowane tanti ta bututu zuwa kan wani faranti da aka ɗumama daidai ɗumin fata. Da dare sai a saki Anopheles gambiae a bar shi ya zaɓa, kyamarori suna ɗauka cikin duhu. Ɗumi kaɗai bai ja shi ba; ɗumi da kabon dayoksaid sun ja kaɗan; warin cikakken mutum ya rinjaye su duka. Kuma a nan ma, dare bayan dare, mutum guda ne ya fi jan sauro, mai yawan asid ɗin kaboksilik a warinsa, yayin da wanda aka fi ƙauracewa yake da ƙarancinsu tare da yawan wani sinadarin tsirrai mai suna yukaliftol.

Inda lamarin ya fi taɓa zuciyata shi ne cewa waɗanda cizo ya fi yi wa illa su ne sau da yawa suka fi jan sauron. A Gambiya, a wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000, mata masu juna biyu sun ja sauron zazzaɓi ninki biyu a kan waɗanda ba su da ciki, kuma an auna an ga numfashinsu ya ƙaru da kusan kashi 21 cikin ɗari, ɗumin cikinsu kuma ya ɗara da digiri 0.7. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki kuwa yana jawo ƙarancin jini, da haihuwar jariri marar nauyi, wani lokaci har da ɓari. Sannan ita kanta ƙwayar cutar tana sauya warin wanda ta kama. A yammacin Kenya, a 2005, an jera yara uku-uku, ɗaya lafiyayye, ɗaya mai ƙwayar cutar a matakin da ba ta yaɗuwa, ɗaya kuma mai ita a matakin da take jiran sauro ya ɗauke ta. Na ukun ya ja sauro kusan ninki biyu, kuma da aka yi musu magani sai bambancin ya gushe. A 2018 aka gano cewa fatar yara masu cutar tana ƙara fitar da wasu sinadarai uku, heptanal da oktanal da nonanal. A ƙasar Sin kuma, a 2022, masu bincike a Jami'ar Tsinghua sun nuna cewa ƙwayoyin dengi da Zika suna danne wani kariyar fata, wata bakteriya ta samu sarari ta yawaita, ta dinga fitar da sinadarin asitofinon da sauro yake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263, mutum kusan 597,000 suka rasu, mafi yawansu ƙananan yara. Idan gidan sauro bai wadaci kowa ba, ilimin warin fata ya riga ya faɗi waɗanda ya kamata su fara shiga: mai ciki, da mai zazzaɓi, da wanda kowa ya san sauro yana binsa.

Sauran ƙwari masu cizo kowanne da nasa karatun. Wasu nau'o'in ƙudan tsando na dajin Afirka, masu kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, warin shanu suke bi, kuma aikin Glyn Vale a Zimbabwe tun shekarun 1970 ya nuna warin mutum korarsu yake yi. Asid ɗin laktik da ke kiran sauro yana cikin abin da tsando ke gudu. Daga sinadaran numfashin shanu da fitsarinsu aka haɗa abin jan tsando cikin tarko, sannan cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi amfani da warin gwambaza, dabbar da tsando ba ya so, wajen ƙera abin wuya mai kare shanu. Kuɗin cizo kuwa numfashi da ɗumi suke fito da shi daga maɓoyarsa, kuma wani gwaji a Jami'ar Sheffield a 2017 ya nuna ya fi taruwa a jakar tufafin da aka sa a kan jakar wankakku, abin da ke bayyana yadda yake bin matafiya daga gari zuwa gari.

Game da magunguna na baka da ake yawan ambata, an gwada cin tafarnuwa an gwada shan bitamin B, ba a ga sun rage cizo ba. Maganar rukunin jini na O tana yawo sosai, amma gwaje-gwajen da ta dogara a kansu ƙanana ne kuma sakamakonsu yana karo da juna. Barasa dai an nuna a Burkina Faso a 2010 cewa tana ƙara jan sauro ga wanda ya sha. Abin shafawa da ya daɗe yana aiki shi ne DEET, wanda aka samar a Amurka a shekarun 1940, kuma bincike ya nuna yana aiki ta hanya fiye da ɗaya: yana danne tashin warin fata, kuma sauron Aedes da ya sauka a kai yana jin sa ta ƙafafunsa ya tashi. Ina ganin wannan ne sirrin daɗewarsa, tunda ƙwaron da ke da hanyoyi da yawa na gane mu ba za a tare shi ta hanya ɗaya ba.

An kuma juya ilimin an mai da shi makami. A tsibirin Rusinga da ke tafkin Victoria a Kenya, tsakanin 2012 da 2015, an rataya wa gidaje sama da 4,000 tarkuna masu aiki da hasken rana, kowanne da fanka mai zuƙe sauro da kuma ƙyallen nailan da aka jiƙa da haɗin sinadarai biyar masu kwaikwayon warin mutum, ciki har da amoniya da asid ɗin laktik. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna sauron Anopheles funestus, wani nau'in mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, mutanen da ke ɗauke da cutar kuma suka ragu da kusan kashi 30 a gidajen da ke da tarko, ba tare da fesa guba ba, a daidai lokacin da sauro ke ƙara jure wa magungunan feshi. Wata hanyar kuma ta koma kan bakteriyar fatar kanta: a 2024 masu bincike a Kalifoniya sun sauya ƙwayoyin gadon nau'i biyu na bakteriyar fatar mutum yadda ba za su iya yin asid ɗin laktik sosai ba, suka shafa su a jikin ɓeraye, sauro ya rage zuwa musu har tsawon kwana 11, alhali abin shafawa na yau da kullum awoyi kaɗan yake yi ya gushe. A kan ɓera aka yi gwajin, kuma fatar mutum, wadda ke fitar da nata asid ɗin laktik ta kafofin gumi ko da bakteriya ba ta yi ba, ita ce matakin da ke gaban masu wannan aiki.